Jirgin Kara a Fadamar Auyo

Ba jirgin sama ne ya kai ni ƙasar Haɗeja ba, shinkafa ce. Da sanyin bana ni da wani abokina da muka yi sakandare tare muka haɗa hannu: ni na zuba 'yan kuɗin da na tara, shi ya sa gonar gadonsu da ke wani ƙauye a ƙasar Auyo, a kan in an yanke mu raba. Ana tsakiyar bazara, shinkafa ta fid da kai, sai ga wayarsa da daddare. Jan baki sun sauka, injin ban ruwa kuma kwana biyu ke nan ya ƙi tashi. Ya ce in ina son ganin kuɗina da idona kafin tsuntsaye su gama da su, to in yi sammako.

Na yi sammakon. Tashar Yankaba, motar Sharon, mu huɗu a kujerar mutum uku. Muka bi ta Gezawa, muka tsaya a Gujungu direba ya sha shayi ya yi musu da ɗan kamasho, kafin azahar warin bandar kifi ya shaida mana mun iso Haɗeja. Daga nan babur ne, kan burji, sannan kan gaɓar magudanar ruwa, ƙura har cikin kunne.

Wanda bai taɓa ganin jan baki a gona ba zai ɗauka ƙari ake yi. Tsuntsu ne da za ka rufe a tafin hannu, amma in garkensu ya taso daga cikin kacala, doguwar ciyawar nan ta fadama, sai ka rantse hayaƙin gobara ne. Ya miƙe, ya lanƙwashe, ya tsinke gida biyu ya sake haɗewa, ba wanda ya yi karo da ɗan'uwansa. Lokacin da ƙwayar shinkafa take da ruwa-ruwa shi ne lokacinsu, mu kuma a nan tamu take. Yara suna tsaye kan 'yan rumfunan da aka kafa a bakin fangali, kowa riƙe da igiyar da aka rataya wa gwangwanaye da tsummokaran leda, suna ja suna ihu tun fitowar rana. Muryoyinsu duk sun dishe.

Maganar da ke bakin kowa ita ce jirgin feshi. Wai an ce zai zo. Wani ya ce jibi, wani ya ce ai tun makon jiya ake cewa jibi. Waɗanda suka taɓa gani suka kwatanta mini shi: ɗan ƙarami ne, da almuru yake zuwa bayan tsuntsayen sun koma makwanci, ya yi ƙasa-ƙasa har kana hango kan matuƙin, ya zuba maganin a kan kacala ya wuce. Kwanan da na yi a garin, duk ƙarar da aka jiyo daga nesa sai wani ya ɗaga kai.

Muka ɗora injin a baro muka tura shi cikin gari wurin mai gyara. Abin da ya fara kama idona shimfiɗarsa ce, tun kafin in dubi mutumin. Farin buhu ne a gindin darbejiya, an jera sifanu a kai daga ƙarami zuwa babba, kowane da gurbinsa da aka zana da biro. Ni da na saba da bakanikenmu na birni, wanda sai ya tona ƙasa da ƙafa kafin ya samo lamba goma, sai na tsaya kallo. Mai shimfiɗar dattijo ne siriri, furfura ta gama da gemunsa, yana sanye da 'yar shara da ta sha baƙin mai. Muka gaisa. Bai ko taɓa igiyar tayar da injin ba. Sai ya tsiyayi man da ke tankin a wata farar kwalba, ya ɗaga ta saitin rana. Ga ruwa nan ya kwanta a gindin kwalbar, man yana bisa.

"Wa ya sayar muku da wannan?"

Abokina ya sosa ƙeya ya ce wani ɗan bumburutu ne a bakin hanya. Dattijon bai ce uffan ba. Ya kwance kafireta, ya warware ta ɗaya-ɗaya a kan wani faranti, ya jiƙa a mai. Da ya zo mayar da wani noti da girgizar inji ta saba kwancewa, sai na ga ya ɗauko siririyar waya ya zura ta wani ɗan rami da ya huda a jikinsa, ya murɗe ta da filaya kamar mai kitso, ya ɗaure a jikin ƙarfen da ke kusa.

Na ce, "Baba, wannan ɗaurin fa? Ba ka yarda da notin ba ne?"

Ya ce, "Malam, inda na koyi aiki, in noti ya kwance ba a samun gefen titin da za a faka."

A nan abokina ya raɗa mini cewa Baba Soja ke nan, shekara talatin da wani abu ya yi a sojan sama yana gyaran jirage, galibi a Kaduna, da ya yi ritaya ya dawo gida ya kama injinan manoma.

Muna jiran kafireta ta sha iska sai ga wani yaro ɗan shekara tara ko goma ya ɓullo a guje, yana ruri da leɓe, hannunsa a sama riƙe da jirgin kara. An yi aikin da kyau: gangar jiki ta totuwa, fukafukai na ɓawon kara, har da farfela a hanci da iska ke juyawa.

"Zo nan, kai mai ƙwacen mata. Wa ya ce ka kafa fiffiken a ƙarƙashin ciki?"

"Ai haka na hotonka yake, tsoho."

"Gaskiyarka, na hotona haka yake. Kawo in nuna maka wani abu."

Ya zare fiffiken ya ɗora shi bisa rufin. Ya ce in an sa shi nan matuƙi yana ganin ƙasa sarai, amma da ya karkata zai sha kwana, fiffiken ya rufe masa inda za shi. In an sa a ƙasa kuma sama ta buɗe, ƙasa ta ɓuya. Sai wani mutumin Suwidin ya ce me zai hana a samu duka biyun. Baba ya soke fiffiken a kafaɗar jirgin, bayan inda kan matuƙi zai kasance, sannan ya tanƙwaro bakunansa gaba kaɗan. Na tambayi dalilin tanƙwarawar. Ya ce nauyin ƙaramin jirgi yana wurin inji da mutanen da ke ciki. In ka ja gindin fiffike baya don ya kauce wa idon matuƙi, ɗaukar ta koma baya, hanci zai rinjaya. Sai ka turo bakin gaba ya dawo daidai kan nauyin, kamar yadda mai talla take gyara gammo.

"Jirage ma suna da salsala, Malam, kamar dawakin sarki. Wannan mai fiffike a kafaɗa, in ka ji inda ya faro da inda ya ƙare sai ka riƙe baki."

Sunan mutumin Bjorn Andreasson. A shekarun 1950 yana aiki da kamfanin ƙera jirage na Convair a Amurka, in ya tashi daga aiki sai ya koma kan nasa na kansa. A watan Oktoba na 1958 abin ya tashi, shi da kansa ya tuƙa. BA-7 ya raɗa masa, haruffan sunansa da lambar ƙira. Injinsa ƙarfin doki 75 ne, bai kai na Sharon ɗin da ta kawo ni ba. Wannan shi ne kakan gidan. A 1960 ya koma ƙasarsu ya kama aiki da wani ƙaramin kamfani a birnin Malmo, ya faɗaɗa mazaunin, ya sa inji mai doki 100, aka samu MFI-9 wanda ya tashi a 1961. Mutum biyu yake ɗauka, kafaɗa da kafaɗa. Jamusawan kamfanin Bolkow suka gani suka yaba, suka karɓi izini suka ƙera wajen 200 da sunan Bo 208. Jirgin koyon tuƙi ne da shan iska, irin wanda ƙungiyoyin masu sha'awar tashi sama suke saye su riƙa karɓa-karɓa ran hutu.

Baba ya ɗauki fulogi yana kankare shi, ya ɗan jima bai yi magana ba. Sannan ya ce, "To wannan ɗan abin da kake ji, ya taɓa yaƙarmu."

Yayansa ya yi yaƙin basasa, a bakinsa ya fara jin labarin wasu ƙananan jirage da ke fitowa daga bayan itatuwa ba sallama. Wani basaraken Suwidin ne, Carl Gustaf von Rosen, wanda a 1968 yake jigilar kayan agaji zuwa ɓangaren Biyafara. Da shekara ta zagayo sai ya ga abinci kaɗai bai ishe shi ba. Ya samo MFI-9 guda biyar, aka kai su Gabon aka harhaɗa, aka shafe su da koren fenti, aka rataya wa kowane rokoki 12 a ƙarƙashin fukafukai. Ran 22 ga Mayu 1969 suka faɗa wa filin jirgin Fatakwal, cikin 'yan kwanaki suka bi da Benin da Inugu. Dab da kan itatuwa suke tafiya don kada na'urar hango jirage ta gan su, suka lalata jiragen yaƙi da ke ajiye a ƙasa, har da ƙirar MiG da aka sayo daga Tarayyar Sobiyet. Jariran Biyafara aka yi musu laƙabi. Ba su sauya inda yaƙin ya dosa ba, a Janairun 1970 aka gama, amma sun nuna wa manyan hafsoshin duniya cewa abin da aka raina yana iya tsone ido. Ganin nan da Andreasson ya nema wa ɗalibi don ya hango titin sauka, shi ne ya yi wa mai harba roka amfani. Na ji wani iri da wannan, don ni ma akwai ƙanin kakana da ya tafi yaƙin nan bai dawo ba.

Ko wata biyu ba a yi da harin Fatakwal ba, ran 11 ga Yuli 1969, magajin MFI-9, wato MFI-15, ya tashi a Suwidin. Lokacin kamfanin Saab ya riga ya saye na Malmo tun 1968. MFI-15 ya fi ubansa girma da ƙwari, aka fara shi da doki 160 aka ƙara zuwa 200, aka bar wuri a baya da mutum na uku zai raɓa. Na farkon jelarsa a ƙasa take. Da aka lura tsakuwa da tarkacen da farfela da tayoyi ke watsawa a filin da ba kwalta suna dukan ta, sai aka ɗaga ta can ƙolin wutsiya. Baba ya karɓi jirgin yaron ya nuna da tsinke: a nan take, aka mai da ita nan. Na farar hula aka ce masa Safari, na soja kuma MFI-17 Supporter, wanda ya fito a 1972. Denmak da Norwe da Zambiya duk sun saya suna koyar da matuƙansu.

Shi kuwa von Rosen Habasha ya koma, ƙasar da ya daɗe da sani, lokacin yunwar tsakiyar shekarun 1970. Da wannan sabon jirgin ya riƙa bin ƙauyukan kan duwatsu da mota ba ta zuwa, a rataya buhunan hatsi a ƙarƙashin fiffike, ya yi ƙasa ya sake su. A can ajalinsa ya same shi, a garin Gode, ran 13 ga Yuli 1977, a wani hari na yaƙin Ogaden.

"Maratayi ɗaya," in ji Baba, "jiya roka, yau buhu."

Ya mayar da kafireta, ya zuba sabon mai da ya tace da ƙyalle. Kafin ya ce an gama sai da ya ƙirga sifanunsa, kowane ya koma gurbinsa. A rumfar jirage, in ji shi, in sifana ɗaya ta ɓace ba jirgin da zai motsa sai an gano ta, don wataƙila tana kwance a cikin wani, tana jiran ya kife a sama ta gangaro ta maƙale sandar tuƙi. Ja ɗaya injin ya kama. Muka tura shi gona, kafin la'asar sakaliya ruwa yana bin fangali, abokina yana ta washe baki kamar an yi masa albishir da kujerar Makka.

Bayan isha muka koma biyan kuɗin aiki, ya ce sai mun ci tuwo. Tuwon shinkafa ne da miyar kuka da ta ji busasshen kifi, a tabarma a ƙofar gida, sauro na fadama suna nasu aikin. Ni na tayar da maganar, na ce Baba ai ba ka kai mu ƙarshen salsalar ba.

Ya ce saura Pakistan, kuma a nan ne abin yake masa ciwo. A 1974 suka fara karɓar MFI-17 daga Suwidin, a haɗe, sai dai a zuba mai a hau. Daga nan suka ce a riƙa aiko musu da shi a warware cikin akwatuna, su haɗa da hannunsu a Risalpur, inda makarantar sojan samansu take. Suna haɗawa suna koyon yanka wannan da lanƙwasa wancan. A farkon shekarun 1980 Turawan suka daina yin kayansa, su kuwa sun riga sun kafa masana'anta a Kamra, sai suka ci gaba da ƙera shi tun daga falle har ƙusa. Suka sa masa suna Mushshak, wato gwani. A tsakiyar shekarun 1990 suka cire inji mai silinda huɗu suka sa Lycoming mai shida, doki 260, suka ƙara na'urar sanyaya mazauni don ƙasarsu ma zafi gare ta, daga baya suka maye gurbin agogunan gaban matuƙi da allon gilashi irin na kwamfuta. Wannan shi ne Super Mushshak. Saudiyya ta saya, Katar ta saya, Turkiyya da ke ƙera nata jiragen ta yi odar 52. A Oktoban 2016 Najeriya ta sa hannu a kan guda 10, a Disamba huɗun farko suka fara aiki a makarantar koyon tuƙi ta sojan sama da ke Kaduna.

"Ka lissafa da kanka. Shekara 47 tsakani. Jikan wanda ya kai hari Fatakwal, shi ne yake koya wa 'ya'yanmu tashi. Fiffiken nan yana nan a kafaɗa, da 'yar tanƙwararsa, kamar yadda kake gane ɗan gida da goshin kakansa."

Wanda ya ci jarrabawa a kansa, cikin hanyoyin da ke gabansa akwai Kano, wurin L-39 ƙirar Cekoslobakiya, masu ƙarar nan da ke tsaga sararin birni da hantsi har jarirai su farka. Shekara nawa ina jin su daga tsakar gidanmu, ban taɓa tunanin a kan me yaran ciki suka fara rarrafe ba.

Ya aiki jikan ya ɗauko hoton daga akwatin ƙarfe. Muka haska da fitilar waya. Samari ne su bakwai cikin kayan aiki, sun jeru a gaban wani ɗan jirgi mai fiffike a ƙasa. Ya nuna na biyu daga hagu, mai gashin baki, ya ce shi ne. Jirgin Air Beetle ne, buzuzun sama in ka fassara. Kafin shi Bulldog ƙirar Birtaniya ake koyarwa da shi, da ya tsufa aka ce a yi na gida. Asalin ƙirar ta Amurka ce, RV-6A na kamfanin Van's da ke jihar Oregon, irin wanda ake sayar wa mutum a warware ya haɗa da kansa. Aka yi masa gyare-gyaren da za su dace da aikin soja, aka haɗa guda 60 a Kaduna, suka yi aiki tun daga shekarun 1990.

"Da hannunmu, Malam. Yaran Kaduna da na Zariya da na Inugu, suna buga ƙusa a alminiyam layi ya fita kamar ɗinkin keke. Daidai matakin da Pakistan ta taka a Risalpur muka taka. Su suka ɗaga ƙafa zuwa na gaba, mu muka yi biki muka tsaya. Bai bar magaji ba. Masu hannun kuma ga mu nan, wani yana gyaran janareto, wani ya rasu, ni ina fama da 'yan bumburutu."

Ya yi dariya, amma ba ta kai ciki ba. Ni abin da na lura da shi a duk salsalar nan, babu inda wani ya yi tsalle. Daga doki 75 zuwa 100, zuwa 200, zuwa 260. Yau a faɗaɗa mazauni, gobe a ɗaga jela don tsakuwa ta koya musu hankali. Kowane gyara sai da wani ya hau, ya ga aibu, ya dawo ya faɗa wa wanda zai iya gyarawa, shi kuma yana nan bai watse ba. Mu Kanawa bai kamata wannan ya zama mana baƙon abu ba. Marinar Ƙofar Mata ba don an iya haƙa rami ta daɗe ba, don kullum akwai yaro a bakin ramin yana kallon hannun babba ne. Sau da yawa mukan ɗauki ƙere-ƙere kamar abin yanke ƙyalle a ɗauki hoto, alhali gado ne, in aka tsallake tsara ɗaya sai a koma tambayar baƙo.

Abokina, wanda tun ɗazu hankalinsa na kan tuwo, ya ce shi ya ji ana cewa jiragen koyon nan har alkafura suke yi a sama, abin da bai gane ba, me ya haɗa jirgin koyo da alkafura. Ai wanda yake koyo lallaɓawa ya kamata ya yi.

Baba ya ce a'a, alkafurar ita ce karatun. Fiffike iska yake hawa. In gudu ya ragu ƙwarai, ko aka ɗaga hanci fiye da kima, iskar sai ta ƙwace, jirgi ya saki jiki. In fiffike ɗaya ya riga ɗaya saki, sai ya kama juyawa yana faɗowa hanci a ƙasa, kamar katantanwar da yara ke murzawa. A wannan lokacin zuciya tana ce maka ja sanda baya ka ɗago, wanda kuwa ya bi ta ya tafi. Abin yi shi ne ka rage wuta, ka taka feda ta kishiyar juyin, ka tura sanda gaba, ƙasar da kake tsoro ka nufe ta sai iska ta dawo kan fiffike. Wannan ba a koyon sa da baki. Sai malami ya hau da kai can sama inda akwai sarari, ya jefa ku ciki da gangan, sau goma, sau ashirin, har ƙafarka ta riƙa yi kafin kanka ya yi tunani. Shi ya sa ake zaunar da su kafaɗa da kafaɗa, malam yana ganin hannun ɗalibi da inda idonsa yake, kamar mai biya wa yaro allo.

Jirgin da za a yi wa wannan wulaƙancin kullum kuwa dole ya zama mai ƙashi. 'Yan gidan Mushshak an gina su su jure ninki shida na nauyinsu in an ja su sama, ninki uku in an kifa su. Mutum mai kilo 70, a ninki shida ya zama 420, buhun shinkafa mai kilo 50 guda takwas da ɗoriya a kan kujera ɗaya. Jini yana gudu daga kai ya taru a ƙafa, ido ya fara rufewa, sai an koya maka ɗaure ciki da cinyoyi. Injin ma da nasa sharaɗin. Ya ce in tuna kafiretar da ya warware da rana, da ɗan kwanonta da abin da ke yawo a kan mai. Kifa ta ka gani, man zai bar inda ake zuƙarsa. Don haka masu alkafura suka fi son inji mai injekta, wanda ke tura mai da ƙarfi ko ta ina sama take. Kowace silinda kuma fulogi biyu gare ta, kowane da hanyar wutarsa daban, in ɗaya ya mutu ɗaya yana nan.

Na ce, "Baba, kai ka taɓa hawa aka yi da kai?"

Jikan ya tuntsire da dariya tun kafin a ba da amsa, alamar ya sha jin labarin. Sau ɗaya ne, in ji Baba. Sun sauya wa wani jirgi inji, matuƙin da zai gwada shi, wani matashin hafsa mai son tsokana, ya ce wanda ya ɗaura shi zai hau. Aka ɗaure shi da bel ta kafaɗu da ƙugu har numfashi yana masa wuya. Da suka yi nisa sai hafsan ya sunkuyar da hanci ya tara gudu, sannan ya ja sanda.

"Kaduna ta ɓace, sai sama zalla. Kumatuna suka zazzago, hannuna kamar an ɗaura masa dutsen niƙa, na kasa ɗaga shi. Can sai na ji nauyin ya sake ni, na ɗaga kai, wallahi Malam ga kogin Kaduna a bisa kaina, da gadarsa da masu wanki. Ba addu'ar da ban karanta ba, har ta shiga kasuwa. Da muka daidaita sai na ji shi a kunnena yana cewa, Sajan, notinka sun riƙe."

Ya ce tun daga ranar bai ƙara ɗaure noti yana hira ba.

Da safe na leƙa gona kafin in kama hanya. Ruwa ya kwana a fangali, tsuntsayen kuma sun riga kowa tashi. A kan ɗaya daga cikin rumfunan na hango jikan Baba, igiyar gwangwanaye a hannu ɗaya. Ya ɗaure jirgin karansa a kan wata doguwar sanda ya kafa a gefen rumfar, hancin yana fuskantar gabas, farfela tana ta juyawa. Na matsa kusa. Fiffiken yana kafaɗa, an tanƙwaro shi gaba, jelar kuma ya cire ta ya soke a ƙolin wutsiya da ƙayar aduwa.

Sai aka jiyo wata ƙara daga yamma, siririya, tana ƙaruwa. Yaran suka saki igiyoyi, masu ban ruwa suka miƙe suna kare ido da hannu, har abokina ya cire hula. Ɗan acaɓan da zai mai da ni Haɗeja ne ya ɓullo ta bayan kacala, salansarsa a fashe.